Katafilar Baladiyya Ba Ta Hau Layinku Ba

Al-Naseem, Riyad
Ranar Litinin

Zuwa ga angona Umair,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da karatunka da baƙon da muka ranta maka. Mu nan kalau muke, sai gwiwata da ka sani.

Na ga hotunan. To maigida, ka gudu ka bar ni ka tafi karatu can garin kan dutse, ga shi Allah ya kama mini kai. Kwana uku ba fita! Uwarka ta ce dusar ƙanƙara ta kai tagar ɗakinka. Ni ban taɓa ganin abar nan da idona ba, shi ya sa jiya na buɗe firiza na kankaro cokali guda na ɗanɗana. Ba gishiri ba sukari. A kan wannan ka sake ni?

Ta yi mini bayanin baladiyyarku, wato hukumar garinku, na yi dariya har na ƙware. Wai hanyoyi ma aji-aji ne: ta asibiti da ta otal-otal na masu wasan sulɓi su ne aji ɗaya, ta makaranta aji biyu, layinku na talakawa aji uku. Kuma wai katafilar in ta share babban titi sai ta tara muku ƙanƙarar a bakin layi, ta yi muku katanga. Wato mai shara ce irin Sahadatou ta gidanmu na da, ta share ɗakinta ta tura ƙofar maƙwabta.

Yanzu batun babanka. Ya ce mako ɗaya zai yi ya duba ka ya dawo, ga jirginsa ya tashi ya bar shi. Na ji wai ya ɗauki shebur yana haƙa ƙofar tsohuwar nan maƙwabciyarka. Na san shi, ba ya iya zama yana kallon tsohuwa tana aiki, ni na ɓata shi. Kuma shekara ashirin yana shimfiɗa titi a Riyad, ganin hanya a toshe ciwo ne a wurinsa. Amma likita ya hana shi ɗaukar ko buhun shinkafa saboda zuciyar nan. Ka ɓoye sheburin. In ya yi faɗa ka ce ni na ce.

Zan ba uwarka ta ɗauki hoton takardar nan ta tura maka. Kada ka yi dariyar rubutuna, na yaƙi da jahilci ne.

Taka har abada, ko ka so ko ka ƙi,
Hajjo

Ranar Asabar

Umair,

Ina gaishe ka. Ya haƙuri? Ya jikinka? An ce ba ka cin abinci. Ka ci.

Uwarka ta ce kana ta maimaita cewa ka ɓoye sheburin, babanka ya je ya aro wani. Na ji. Ba ni da tambaya a kan wannan. An ce motar asibiti ta zo da wuri, ta tsaya a katangar nan ta bakin layi, suka ƙarasa da ƙafa suna nutsewa har gwiwa. An gaya mini sau uku, kowane karo ina gyaɗa kai kamar labarin ɗan wani ne.

Gidan cike yake. Ma'aikatan jinya abokan uwarka, ɗaliban jami'a, mutanen kamfanin babanka, har da Malam Buraima daga unguwar Ulaisha da sandarsa. Tire-tiren shinkafar kabsa har kan injin wanki. Suna yi mini gaisuwa, ina cewa haƙuri sai ma'aiki. Wata 'yar Maraɗi ta raɗa wa ta kusa da ita cewa tsohuwar nan akwai tauri, ko hawaye babu. Kunnena ƙalau yake, idona ne ya ƙi. Ka san ɗan fari ne. A garinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa kuka a fili. Shekara hamsin da huɗu ina riƙe da wannan kunyar, yanzu na neme ta in ajiye, hannuna ya ƙi buɗewa.

Abin da ya tsaya mini shi ne yau kwana huɗu yana kwance a firijin asibiti. Mu da muke kai mutum kafin rana ta juya. Wai hanyar maƙabarta ba ta cikin aji ɗaya, ba ta biyu, ba ta uku, sai an gama da masu rai. Wai kuma motar haƙa kabarin ita ma ta baladiyya ce, tana jiran a buɗe mata hanya. Ka je ofishinsu sau biyu sun ba ka lamba. Lambar me? Ko mamaci ma layi yake bi?

Kawunanka suna ta waya daga gida a sa shi a jirgi a kawo. Na ce a'a. Wani makon kuma na takardu da akwati? Ƙasa duk ta Allah ce. Inda ya faɗi nan za a rufe shi, kai ne babba yanzu, ka faɗa musu da bakina. Ni dai a fitar mini da shi daga sanyin nan. Tun yana yaro ba ya son sanyi, wankan safe sai da dambe.

Da hantsi na sake buɗe firizar, na sa tafin hannuna a ciki na bar shi. Ban ji komai ba. Uwarka ta zo ta rufe.

Allah ya ba mu haƙuri.
Hajjo

Ranar Talata

Angona,

Gaisuwa da fatan ka huta. Ya hannuwan? An ce duk sun yi kanta sun fashe.

Na ga bidiyon. Na sa an maimaita mini har batir ya mutu. Mutanen masallacinku da shebur, ɗalibai baƙaƙe da farare, da 'ya'yan tsohuwar nan maƙwabciyarka su uku, kuna haƙa hanya zuwa maƙabarta can sama kamar masu gayya a gona. Na ga ita kanta tsohuwar da butar shayi. Na ga wutar da kuka hura a kan ƙasa don ta yi laushi. Mai shimfiɗa wa mutane hanya, ga shi an shimfiɗa masa tasa da hannu. Ba ta miƙe ba, da ya gani da ya sa kun sake.

Wai katafilar ta zo washegari, ta share inda kuka riga kuka share. Ka gaishe mini da direban. Ka ce kakarka ta ce sannu da zuwa.

Ka tambayi uwarka abin da za a rubuta a allon kabari, ta ce a tambaye ni. To ga nawa. Ka samo katako dogo, wanda ya fi ka tsawo, don in ƙanƙarar ta sake sauka kada ta binne shi sau biyu. Ka rubuta da manyan baƙi yadda mai tsayawa daga nesa zai gani.

Ka rubuta Talha.

Ka gani, na rubuta. Rufin ɗaki bai faɗo ba. Ɗazu ma da gidan ya yi shiru na shiga ɗakinsa na faɗa da baki, sau ɗaya, a hankali. Daɗin faɗa gare shi ashe. Ni na zaɓa masa, ban taɓa sani ba.

In takardar nan ta zo maka da tabo a ƙasa, ba shayi ba ne.

Ka sa safa biyu. Ka ci abinci.

Matarka tsohuwa,
Hajjo, uwar Talha