Ranar da Aka Buɗe Tekun Hohepa

Whangaroa, Maris

Zuwa ga yayana Kereama,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na ramin haƙar ƙarfe. Yaya zafin Ostireliya? Yaya gwiwar nan taka da ka ƙi kai wa likita? Ka yi haƙuri da na riƙa katse maka waya. Da na ji muryarka sai kuka ya ƙwace mini, shi ya sa na ɗauki biro.

Ka ce in gaya maka yadda abin ya faru da mijina. To, ga shi kamar yadda Tipene ya ba ni, don shi ke riƙe da sitiyarin jirgin.

Hohepa ya fita da safe yana tsokanata. Na ce masa, "Tsoho, kowa na kamun kifin sinafa a bakin gaɓa, kai sai ka bi ƙaton kifin nan malin har bayan tsibirai?" Ya ce, "Ke dai ki fere dankali, uwar faɗa. Kaka ta shigo, malin sun yi ƙiba, sun kusa tafiya." Ko juyowa ban yi ba, ina wanke-wanke.

Baƙo suka ɗauka daga Auckland, kuma malin ya kama masa ƙugiya. Ka san aikin. Idan kifin ya gaji ya zo gefen jirgi, mutum ɗaya ke sa safar hannu ya kama igiyar ƙarshe, ya naɗa ta a tafinsa yadda da ya buɗe yatsu za ta sulale. Hohepa ne ya koya wa rabin garin nan wannan naɗin, har da kai. Ranar sai zagaye ɗaya ya hau kan ɗaya ya ɗaure. Kifin ya yi ƙasa da shi. Tipene ya ce ya ga ya buɗe hannun, ya gani da idonsa, igiyar ce ta ƙi saki. Ko ihu bai samu yi ba.

Abin da ke ci mini rai, Yaya, ba ma kashe kifin za su yi ba. Alama kawai za su maƙala masa su sake shi!

Masu nutso sun nema, jirgin sama ya yi ta shawagi, ba a ga komai ba. Kawu Eruera da sauran dattawa sun sa rahui tun daga bakin mashiga har tsibirai: ba mai jefa ƙugiya, ba mai tsintar kawa, sai teku ya dawo mana da shi. Mun yi zaman makoki a marae, gidan taron dangi, da hotonsa kawai a kan tabarma. Ni ban yarda an gama ba. Mutum a kwantar da shi kusa da uwarsa, a san inda za a je a yi masa faɗa, iyakar abin da nake roƙo ke nan.

Ka gaishe da Moana da yara.

Ƙanwarka,
Ngaire

Whangaroa, Afrilu

Yaya Kereama,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarka. Saƙonka ya iso, na gode. Amma batun in tattara in zo Perth, ka bar shi. In tafi, ya fito ya tarar da wa?

Kullum da safe ina bin gaɓa har wajen duwatsu. Na tsinci takalman mutane, na tsinci robobi, nasa ko hula babu.

Bana kuwa kifi kamar da gayya. Manyan kifayen kingi na koro ƙananan kifaye har ƙarƙashin matsayar jirage, ruwa na tafasa, maza na tsaye hannu a aljihu suna kallo. An soke gasar kamun kifi ta kaka. Jiragen haya duk suna ɗaure. Tipene ya rame, kullum yana wanke jirgin da bai je ko'ina ba, idan ya hango ni sai ya shige ciki.

Ran Asabar wani ya zo daga birni da jirginsa a bayan mota, fes da shi, zai tura ruwa. Na ce, "Malam, ba ka ga allon rahui ba?" Ya ce ai wannan ba dokar gwamnati ba ce. Tabɗi! Na ce, "Mijina na cikin ruwan nan. Kifin da za ka kai wa matarka, ka san abin da ya ci?" Na wanke shi tas, har ya ja da baya ya kusa taka kwandon shara. Sai da na dawo gida na gane abin da na faɗa masa ban taɓa barin kaina na faɗa ba.

Kawu Eruera ya zo shan shayi. Yana juya cokali ya ce, "'Yata, dattawa sun zauna. Mun ce ba za a ɗage rahui ba sai da bakinki. Ba mai matsa miki." Na ce, "Kawu, ai wannan shi ne matsin." Ya ce, "Na sani."

Ba wanda ya ce mini uffan, Yaya, ko a kanti, ko a coci. Da ma sun zage ni, da na san abin da zan yi da su. Ruwa ya fara sanyi, malin sun kusa wucewa, kuma da kifin kaka garin nan ke shiga hunturu. Duk na sani. Amma ranar da na ce a buɗe teku, ranar na ce ba zai dawo ba, kuma bakina ya ƙi.

Ka sa ni a addu'a.

Taka,
Ngaire

Whangaroa, Mayu

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Ina lafiya, kada ka damu.

An buɗe teku. Ni na ce a buɗe.

Na kai wa Kawu Eruera burodi, na shiga ban ƙwanƙwasa ba kamar kullum. Sai na ga ya yi wuf ya rufe wani abu da jarida. Na ce, "Kawu, me kake ɓoyewa?" Ya ce, "Abincin kyanwa ne." Na ce, "Yaushe ka yi kyanwa?" Na ɗaga jaridar. Sadin ne na gwangwani, da cokali a ciki. Mutumin da ya shekara tamanin yana cin kifin da ya kama da hannunsa, wanda ke cewa kifin gwangwani na marasa dangi ne! Ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da sata, ya ce, "Kwaɗayi ne ya dame ni, 'yata. Ba daga ruwanmu yake ba." Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta juye. Da na samu numfashi na ce masa ya tara dattawa.

Da safe muka taru a gaɓa. Kawu ya shiga ruwa har gwiwa ya yi addu'o'in, mata suka yi waƙa. Ni ban yi ba. Na tsaya ina kallon jirage na fita ɗaya bayan ɗaya, suna rage gudu idan sun zo daidai inda nake. Malin kam sun riga sun tafi, bana ba wanda ya ƙara ganin ko ɗaya.

Da la'asar na ji motsi a ƙofa. Tipene ne, ya ajiye sinafa a kan matakala zai sulale. Na ce, "Kai, dawo nan! Ni mayya ce da kake gudu na?" Ya tsaya yana murza hula, ya ce, "Anti, na farko na mayar wa teku. Wannan na biyu ne, naki ne." Na ce, "To shigo ka zauna, ba a tsaye ake ba ni kifi ba."

Da na ɗora shi a kan katako na ga ya riga ya feɗe shi tun a teku, ya wanke cikin fes, bai bar komai ba. Tipene da ko ɓawon kifi ba ya karcewa sai an yi masa tsawa. Ban tambaye shi dalili ba, na san ba ya so in ga abin da kifin ya ci.

Na soya da man shanu, na dafa dankali, na zuba mana. Ya ƙi taɓa nasa, yana jira. Na san ba shi kaɗai ke jira ba, duk gidan da aka kai kifi yau tukunya na rufe sai an ji na ci.

Na ci, Yaya. Na so a ce ya ƙi wucewa, na so a ce ɗaci gare shi. Wayyo, daɗi gare shi, kifin kaka mai maiƙo, irin wanda Hohepa ke lashe yatsu a kansa. Na cinye tas ina hawaye, sannan na ce wa Tipene ya je ya gaya wa mutane su ci abincinsu.

Idan ka samu hutu ka zo. Babu kabarin da zan kai ka, amma akwai kifi.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Ngaire