Yaran da Suka Ɓace a Takardar Masu Bincike

Zuwa ga ƙanena Ila,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, ya ƙafar Hajiya? Mu nan Madarunfa lafiya lau, gero ya yi kai.

Ka san tun da na bar koyarwa a lakwal, makarantar boko, ba wanda ya ƙara neman shawarata, sai dai in cika wa mutane takardar asibiti. To, makon jiya wata malamar jami'a ta zo da abokan aikinta, suna binciken abin da ke hana yara karatu. Sun zagaya ƙauyukan Safo da Gabi, suka ga a gidaje da yawa yaro ɗaya ya ɓace a ƙidayarsu. Har sun fara rubuta cewa mutanenmu na ɓoye 'ya'ya.

Aka turo su wurina. Na ce, "Malama, wace uwa za ta ambaci ɗan farinta gaban baƙi? Kunya ce. Ku tambayi kaka." Suka koma, yara suka cika cif, aka soke wancan rubutu.

Jiya ta dawo da biro, ta zauna kan tabarmata tana kirana Mushe, irin kiran girmamawa na Faransanci da ake yi wa malamin lakwal. Ila, shekara nawa rabona da wannan suna!

Ka yi mini addu'a idanuna da suka fara rauni su ɗore, ta ce tambayoyinta da saura. Gai da Hajiya da yara.

Yayanka,
Mamman