Kwalbar Retinol Tana Jakata

Auta,

Na fita aiki kina barci, ban so in tashe ki ba. Kada ki wahalar da kanki neman kwalbar retinol ɗin da kika ajiye gaban madubi, ni na ɗauke.

Jiya kin tambaye ni wanne ya fi, shi ko bitamin C, na ce miki sai na yi tunani. To, na yi. Retinol ya fi ƙarfi a kan kuraje da tabo, amma da dare ake shafa shi, kuma sai fata ta bushe ta yi saɓa kafin a ga amfaninsa. Bitamin C na safe ne, aikinsa a hankali yake, ki dai riƙa haɗawa da man kare zafin rana. Da a bara kika tambaye ni, da retinol zan ce.

Sai dai mai juna biyu ba ta shafa shi.

E, na sani. Tun zuwanki gidan nan nake kallonki. Wadda ta goya ki ba za ta ga kina toshe hanci daga turaren da kike mutuwar so ta kasa ganewa ba.

Kada hankalinki ya tashi kan wanda kika riga kika shafa, ki dai gaya wa likita idan kin je awo. Tabon fuska zai iya jira.

Idan na dawo ba sai kin ce komai ba. Riƙe kunyarki, ni kwalbar kawai na ɗauka.

Yayarki