Jikan Maƙeri Mai Suna Shimit

Zuwa ga ɗana Sani, can ƙasar Jamus.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da sanyin nan da kake ta kuka da shi. Mu nan Batsari sai godiya. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san a aji huɗu ni da boko muka sallami juna.

Na ga hoton jariri. Hancina ya ɗauko sak, Allah ya ba shi haƙuri. Amma da na tambayi cikakken sunansa sai ka ce Umar Shimit. Wai a can gida guda suna guda ne, kuma na gidan su matarka kuka zaɓa. Na yi ta gwada faɗinsa a tsakar gida har innarka ta zaci kaji nake kora.

Ka zauna a waya kana koya mini tarihi. Ka ce da can Jamusawa suna ɗai-ɗai gare su, da garuruwa suka cika aka riƙa bambanta mutum da sana'arsa, mai niƙa, mai ɗinki, mai gasa burodi, har sunan ya bi jikoki. Na ce to Shimit fa? Ka ce maƙeri.

Maƙeri, Sani!

Ka tuna ranar da na kai ka makaranta? Malam zai rubuta Sani Garba Maƙeri, ka fashe da kuka, ka ce, "Baba, yara za su yi mini dariya." Na ce ya cire Maƙerin. Da ka girma, in ka shigo kasuwa da abokanka ta bayan rumfata kake zagayawa. Ashe jirgi za ka hau ka je ka auro abin da ka bari a gida.

Kuma ka ce surukin naka likitan haƙori ne, ko kakansa bai taɓa hura zugazugi ba. Ni da ƙuna ta cika wa hannu, ni da manoman Karare da Zakka ke noma da fartanyata, ni ne ba a yi wa kara ba.

Tun zamanin kakana wuta ba ta mutu a maƙerar nan ba. Yanzu idona ya fara hazo. Jiya yatsana na doka maimakon lauje.

Ban ce ku sake masa suna ba, ɗana. In ya fara tafiya ka kawo mini shi. In zaunar da shi gaban uwar maƙera, in damƙa masa guduma, hannuna a kan nasa, ya buga ko sau ɗaya ne, kada ya tashi yana amsa sunan ƙarya. Ka yi sauri, da ido nake so in gan shi, ba da lalube ba.

Allah ya raya Umar, ya yi muku albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mahaifinka,
Garba, Shimit na ainihi.