Baƙin Salatif a Kan Fitilar Mota

Baba mai fili, don Allah ka taimake ni kafin ranar Asabar. Na san filinka na matsalar motoci ne, ni kuwa ban ma san ko tawa ta mota ce ko ta aure ba. Ka karanta ka raba mini su.

Ni malamar firamare ce. Ina da ƙaramar mota da marigayi mahaifina ya bar mini. Ta haura shekara ashirin, amma mai injekta ce, ba kafireto ba. Har yau tabaransa na karatu yana aljihun gaba, na kasa cire shi. Tafiyata kullum ɗaya ce: gida zuwa makaranta, daga can gidan surukata in yi mata allurar ciwon suga, in dawo. Da, in maigidana ya cika mini tanki, sati biyu cur nake yi. Wata huɗu ke nan ba ya kai kwana tara.

Da farko wasa ya mayar da abin, wai ko na fara ɗaukar fasinja ne a ɓoye. Na yi dariya. Yanzu dariya ta ƙare. Mutumin da muka shekara goma sha ɗaya tare, kullum da safe sai ya leƙa ya ɗauki hoton allurar mai da wayarsa, da yamma ya sake ɗauka. Sai ya ajiye wayar a kan tebur, hoton a buɗe, ya shige wanka. Yayarsa kuwa ta samu abin yi. A gaban uwarsu, ina riƙe da sirinji, ta ce ita dai ba ta taɓa jin motar da ke shan mai a ajiye ba, sai dai in akwai inda ake zuwa. Baba, na yi allurar, na wanke hannu, na fito na zauna a mota na yi kuka har na gode Allah.

Ban san mota ba, amma ba wulaƙanta ta nake yi ba. Kullum sai na bar ta a kunne minti goma ta yi ɗumi, kamar yadda mahaifina yake yi. Wajen wata biyar da suka wuce ta yi zafi a cunkoso, maigidan ya kai ta wurin bakaniken da yake ji da shi, wanda suke kira Injiniya. Ya dawo baki har kunne, wai an cire mata wani ɗan ƙarfe da aka yi don ƙasashen ƙanƙara, an haɗa fanka kai tsaye, an yi juyen baƙin mai. Tun daga ranar allurar zafi ba ta ɗagawa daga ƙasa, har nuna wa abokansa yake yi. Bayan kwana biyu wata fitila ruwan lemo mai hoton inji ta kama. Injiniya ya ce ƙaryar kwamfuta ce, maigidan ya yanko baƙin salatif da hannunsa ya liƙe ta, wai kada ta dame ni. Bakin salansa ya yi baƙi ƙirin, ga warin fetur da safe. Sau ɗaya na faɗa wa maigidan, ya ce in daina kame-kame. Ban sake ba, ni ma ina da zuciya.

Ranar Asabar maigidan zai kai hotunan wurin yayana, tunda shi ne madadin uba, kuma ya ce zai karɓe makulli. Makullin bai dame ni ba kamar yadda yayana zai dube ni. Ni da nake yi wa uwar mijina hidimar da 'yarta ba ta yi, ni ce yau ake auna wa tafiya da allura. Wallahi raina ya ɓaci, har hawa motar ubana ya fita daga raina.

Wadda ake ɗauka wa hoton allura

AMSA

'Yata, share hawayenki, wasiƙarki ta zo da amsarta a ciki. Ɗan ƙarfen da aka cire sunansa tamostat, aikinsa ya tsare ruwa har inji ya kai zafin da ya dace. Mota mai injekta tana da kwamfutar da ke ƙara mata mai muddin ta ji inji da sanyi. An cire tamostat, an bar fanka tana hurawa ba hutu, ga tafiyarki gajera, don haka mai yiwuwa motar tana wuni tana zaton yanzu aka tashe ta. Allurar zafin da ake alfahari da ita, da baƙin salansa, da warin fetur, duk wuri ɗaya suke nunawa. Ban ga motar ba, ba zan rantse ba, amma nan zan fara dubawa.

Ku kai ta garejin da ke da na'urar karanta kwamfutar mota, a ji abin da fitilar take faɗa, domin wataƙila wata sensa, 'yar na'urar da ke kai wa kwamfutar labari, ta mutu. A mayar da tamostat, a mayar da fanka kan wayarta ta asali, a kuma nemo dalilin zafin farko, ko lagireto ne ya toshe. A duba fulogi, matatar iska, iskar tayoyi, birkin da ke riƙewa, da ko mai yana yoyo. Bayan gyara a cika tanki, a rubuta lambar kilomita, in an sake cikawa a ga lita nawa ta sha. Allurar tsohuwar mota ba abin kafa hujja ba ce.

Maigidanki bai yi ƙarya ba, man yana ƙarewa, kuma da kyakkyawar niyya ya kai gyara. Ke ma minti goman nan na safe al'adar kafireto ce, mai kawai kike ƙonawa, kuma shirun fushi bai taimake ki ba. Amma wannan laifi bai kama ƙafar nasa ba. Ya zargi matarsa kafin ya zargi bakanikensa, ya bar 'yar'uwarsa ta ci mutuncinki a gidan da kike jinya. Wannan zalunci ne, kuma ina fata yana karantawa.

Kafin Asabar, buɗe ƙofar direba ki duba. Yawancin masu juyen baƙin mai suna liƙa 'yar takarda mai kwanan wata da lambar kilomita, in babu a tambayi littafin garejin. Ki cire waccan lambar daga ta yau, ki raba da kwanakin, za a ga iyakar tafiyarki. Kada ki hana maigidanki zuwa wurin yayanki. Ku tafi tare a motar, ki nuna lambobin, sannan ki ce maigidan ya ɓare salatif ɗin a gaban yayanki. Kada ki taɓa shi da kanki. Wata biyar motar tana faɗin inda man yake tafiya, wanda ya rufe mata baki shi ya kamata ya buɗe.

Gyaran mota wuni ɗaya ne. Haƙurin da zai ba ki kuwa, a gaban uwarsa da yayarsa ya kamata ya bayar, inda aka ɓata sunan. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya wanke ki, ya sanyaya miki zuciya.