Ƙorafi Kan Ƙone Kwale-kwale Tare da Kayana na Atisaye

Zuwa ga:
Mai Girma Uwargida Sirkka Lappalainen,
Shugabar Ƙungiyar Masu Bukkoki ta Bakin Tafkin Kuikkajärvi.

Daga:
Tuomo Hyvärinen, baƙo a bukkar Raimo Pesonen.

Talata, 25 ga Yuni, 2024.

Game da: Ɗauke kwale-kwale da kayana a ciki, da ƙone su a wutar Juhannus, da abin da hakan ya jawo mini.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina mai ladabin sanar da ke cewa a ranar Juma'a, 21 ga wata, jajibirin Juhannus, bikin tsakiyar bazara da ake kunna babbar wuta, ni da matata Marjatta mun sauka a bukkar abokina Raimo don hutu da atisayen gasar nan mai wasa uku: ninƙaya, tseren keke da gudu. Kulob ɗinmu ya samu gurbi ɗaya tak a gasar watan Agusta, aka ce ni da Raimo mu gwada, wanda ya ci ya ɗauka. Shekaruna hamsin da biyu, kuma tun da na shiga kulob ɗin ban taɓa riga kowa zuwa ko'ina ba, in ban da teburin abinci. Ga ƙorafe-ƙorafena:

1. Da hantsi na zuba wandona, rigata, takalman gudu, hular kwano da tabarau cikin jaka, na tura ta ƙarƙashin bencin tsohon kwale-kwalen Raimo da ke bakin ruwa. Da yake idona ba ya hangen nesa, sai na ɗaura tsintsiyar ganyen bishiyar koivu, wadda muka bugi jiki da ita a sauna, wato ɗakin wankan tururi, a goshin kwale-kwalen don in gane wurin fita. Babu wanda ya gaya mini cewa a ƙauyenku ganye a goshin kwale-kwale na nufin mai shi ya sadaukar da shi ga wutar biki. Raimo ya sani. Ya ce ya manta.

2. A wannan rana, ranki ya daɗe, ruwa ya karɓe ni. Ban san abin da ya shiga jikina ba. Na fito ina haki, na waiga, Raimo yana can tsakiyar tafki. Ni ne na fara fitowa. Ina roƙon a sake karanta wannan jimla.

3. Sai dai babu kwale-kwale. Na hango inuwar mutum huɗu na ƙungiyarku sun ɗora shi a kafaɗa. Na ɗaga hannu, nufina su tsaya. Su ma suka ɗaga hannu, nufinsu barka da biki. Ban yi ihu ba, domin ni ba mai ihu ba ne a tafkin mutane. A nan ne na ji muryar ɗaya daga cikinsu, dattijo Eino, mai tarakta, yana cewa, "Kai, wannan ɗan birnin ya iya ruwa, sai ka ce agwagwa." Suka loda kwale-kwalen, suka tafi.

4. Na hau keke babu takalmi, babu tabarau, cikin baƙar rigar robar ninƙaya, na bi ƙarar tarakta har filin biki. A can ke da kanki, da dukkan girmamawa, kika tare ni da kofi da burodin kirfa. Na ce a'a na gode, kamar yadda tarbiyya ta tanada. Kika sake tayi, na sake ƙi. Kika ce, "Haba bawan Allah, ji yadda kake rawar sanyi, zauna mana." Na zauna. Ban ga dacewar in tayar da maganar jaka da burodi a bakina ba, kuma kafin in gama kofi na biyu an riga an ɗora kwale-kwalen a ƙololuwar tarin itace, an ɗauke tsani. Ganin wahalar da aka sha wajen ɗora shi, kunya ta hana ni cewa a sauke.

5. Na gode da aron takalman roba masu dogon wuya na maigidanki. Da su na yi gudun. Rigar tana ƙara, takalman suna amsawa, zufa ta taru a cikinsu har tana motsi, sauro kuwa suka ɗauka ni ma cikin abincin biki nake. Wani kare ya raka ni rabin hanya, daga baya ya ji nauyin a gan mu tare ya koma.

6. Da yamma, rana tana nan sama ba ta da niyyar faɗuwa, na tsaya cikin jama'a na kalli kayana suna ci da wuta. Da wuta ta kai ga hular kwanon sai ta yi kore. Yara suka yi tafi. Ni ma na yi, don kada a ce baƙo ya ɓata biki, amma zuciyata ta yi zafi ƙwarai.

7. Yanzu ga ainihin matsalar. Kyaftin ɗin kulob ya ce tunda gwajin ya lalace, ninƙaya kaɗai za a duba. Marjatta, wadda muka damƙa wa agogo, barci ya kwashe ta a kan gadar katako da littafi a fuska. Raimo ya fito bai tarar da kowa ba, saboda haka yake cewa shi ne na ɗaya. Da na yi masa bayani a sauna, sai ya ƙara ruwa a kan duwatsu masu zafi ya ce, "Tuomo, abokina, kai da ba ka gani, ka tabbata a tafkin nan ka fito?" Matata ta yi dariya. Na adana amsata har yau, kuma shi ya sa takardar nan ta yi tsawo.

Saboda haka, ranki ya daɗe, ba na neman a biya ni takalmi ko tabarau. Raimo ma ba ya neman kwale-kwalensa, ya ce dama yoyo yake yi. A duk duniya mutum huɗu ne suka ga fitowata, kuma su ne suka ɗauke mini wando. Ina roƙon ƙungiya ta tara su, ta rubuta wa kyaftin ɗinmu shaidarsu kafin ƙarshen wata, a buga hatimi. Ina kuma roƙon a sa maganar dattijo Eino yadda ya faɗe ta, har da agwagwar, kada a gyara komai. Ko da gurbin ya kuɓuce mini, ina son kwafi ɗaya in rataya a falo. Ba a taɓa faɗa mini irinta ba.

Takalman maigidanki suna ƙofarku. Na wanke su, amma ina ba da shawarar a bar su a waje tukuna.

Ki huta lafiya, tare da matuƙar ladabi da biyayya.

Naki mai girmamawa,
Tuomo Hyvärinen