Takardata Ce Kaɗai Babu a Allo

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya tsaya mini a rai.

Ni ce shugabar ma'aikatan jinya a ɓangarenmu, shekara ashirin da shida ina aikin. Da allurar korona ta zo, ni na fara naɗe hannun riga a gaban kowa. Sannan na bi su ɗaya bayan ɗaya, wani da lallashi wani da tsiya. Har mai tura keken marasa lafiya, da ya ɓuya a ɗakin ajiye zannuwan gado, sai da na zaƙulo shi. Mu talatin da huɗu, ba wanda ya kuɓuce mini. Tun ranar suke kirana Kwamanda, kuma ba zan ɓoye miki ba, sunan yana mini daɗi.

Kwanan baya likitoci suka ɗebi jininmu don su auna yawan sojojin garkuwar da allurar ta samar a jikin kowa. Da sakamako ya fito sai yaran nan suka mai da abin wasa, kowa ya manna takardarsa a allon ɗakin shan shayi kamar ta jarrabawa. Mai tura keken nan wai shi ne na ɗaya! Yanzu da ƙyar yake taka ƙasa. Har wuri suka bar mini a can sama, suka rubuta sunana.

Gwaggo, ni ce ta ƙarshe. Likita ya ce maganin ciwon gaɓoɓin da na shekara shida ina sha ne yake danne garkuwar jikina. Ciwon kuwa daga mijina sai 'yata suka sani. In na nuna takardar, ina tsoron masu shakka su ce ashe allurar aikin banza ce, ga zagaye na gaba na allurar yana tafe. Da na yi shiru kuma, an fara raɗe-raɗin wai ruwa aka tsira mini a ranar. Ni! Sati biyu takardar tana jakata, har ta fara yagewa. Yaya zan yi?

Kwamanda

Kwamanda, sannu da ƙoƙari. Mutum talatin da huɗu ba wasa ba, kin isa ki yi alfahari.

Fara da kanki. Koma wurin likitanki ku tattauna ko kina bukatar ƙarin allura, kuma kada ki kuskura ki ajiye maganinki don neman lamba.

Ciwonki sirrinki ne, ba wanda zai tilasta miki faɗa. Amma shirun nan ya fara cinye yardar da kika shekara ashirin da shida kina tarawa, kuma da ita za ki ja su zagaye na gaba. Ba sai kin ambaci sunan ciwon ba. Tara su ki ce kina shan maganin da yake rage garkuwa, shi ke nan. Ma'aikatan lafiya ne, za su gane. Mai shakka kuma ki nuna masa takardu talatin da uku da ke allon.

Kin ɗauka su kike karewa da kike bin su lungu-lungu. Ashe har da kanki, domin irinki ne suka fi bukatar na kusa da su su yi allura. Ki bar mai tura keke ya yi ta taƙamarsa, gadinki yake yi bai sani ba.

Ciro takardar nan ki manna ta a wurin da suka bar miki, can sama. Ba su yi kuskuren wuri ba.

Allah ya ƙara lafiya, ya bar ki da rundunarki.

Gwaggo